Ƙarin Da Ake So Ya Fito Bai Fashe Ba

Duk wanda ya bi titin Grand Concourse da ke Bronx a birnin New York, yankin da 'yan'uwanmu na Nijar da Nijeriya da zangunan Ghana suka yi kaka-gida, zai wuce ta gaban asibitin BronxCare. Amma da yawa daga cikinmu, saboda hidimar neman halaliya, ba sa taka ƙofar likita sai ciwo ya ci ƙarfinsu, alhali kuwa akwai wata cutar ciki wadda jinkiri ke iya sauya al'amarinta ɗungurum.

Wani ƙari ne da likitoci ke kira GIST, wanda ke tsirowa a bangon tumbi, ko kuwa a ƙaramin hanji, yana girma a ɓoye, har mai shi ya riƙa ɗaukarsa gyambon ciki, ko da bayan gidansa ya yi baƙi, jininsa kuma ya ragu. A 1998 ne Seiichi Hirota da abokan aikinsa a Japan suka gano asalin illar, wato tawayar wata ƙwayar gado mai suna KIT.

Maganinsa na farko tiyata ce, sai dai da sharaɗi mai nauyi. Kamar yadda gwanin mahauci ke lallaɓa matsarmama don kada ta ɓata nama, haka likitan fiɗa ke ƙoƙarin fito da ƙarin nan cikin tantaninsa, domin idan ya fashe, ko da kansa kafin aiki ko a tsakiyar aikin, ƙwayoyinsa kan watsu cikin kogon ciki, inda ido ba ya ganinsu, wuƙa kuma ba ta cim musu. Dā masana kan auna haɗarin dawowar cutar da girman ƙarin, da wurin da ya tsiro, da saurin hayayyafar ƙwayoyinsa, har zuwa 2008, lokacin da Heikki Joensuu na ƙasar Finland ya kafa ƙa'idar cewa ƙarin da ya fashe, kome ƙanƙantarsa, yana cikin ajin haɗari mafi girma.

Alhamdu lillahi, ba a rasa mafita ba. A 2009 aka bayyana sakamakon binciken da Ronald DeMatteo, wanda a lokacin yake asibitin Memorial Sloan Kettering da ke Manhattan, ya jagoranta: kashi 98 cikin ɗari na waɗanda suka sha maganin imatinib bayan tiyata sun cika shekara cutar ba ta dawo ba, waɗanda ba su sha ba kuwa kashi 83. A 2012 kuma Joensuu ya tabbatar cewa ga masu babban haɗari, shan shekara uku ya fi na shekara guda, wajen tsare cutar da ma tsawon rai. Wasu masanan ma na ganin wanda ƙarinsa ya fashe ya cancanci ya zarce haka.

A nan ne raunin mutanenmu yake. Mutum ya ji sauƙi, ya tafi ganin gida wata shida, magani ya ƙare, ya ce ya dogara ga Allah, alhali malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma jiki amana ne.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan an yi maka wannan aiki, ko an yi wa wani naka, ka tambayi likita ƙarara ko ƙarin ya fito bai fashe ba, ka nemi tafinta in harshe ya yi maka cikas, kuma kada ka ajiye maganin nan sai da izininsa.