Yadda Gidajen Motsa Jiki Ke Dawo Da Mambobin Da Suka Ƙaurace

Babbar matsalar da ke addabar masu gidajen motsa jiki ita ce ta mambobin da ke biyan kuɗin rajista, su halarta na 'yan makonni, daga nan su ɗauke ƙafa. A ido, irin wannan mamba riba ce, tun da yana biya ba ya taɓa na'ura. Amma wanda ya daina zuwa yau shi ne zai daina biya gobe, kuma samo wani a madadinsa na cin kuɗin talla da rangwame.

Wani bincike da masana tattalin arziki Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier suka wallafa a 2006 ya fito da girman lamarin. Sun duba bayanan mambobi 7,752 na gidajen motsa jiki uku a Amurka, inda suka gano cewa masu biyan sama da dala 70 a wata ba sa wuce zuwa sau huɗu da ɗoriya. Ke nan kowane zuwa na tsaya musu a kan fiye da dala 17, alhali masu sayen tikiti na biyan dala 10 kacal. Haka kuma akan sami tazarar fiye da wata biyu tsakanin zuwan mamba na ƙarshe da ranar da zai soke rajistarsa. Wannan tazara ita ce damar da mai gida ke da ita ta shawo kansa.

Tun a 1990 ne Frederick Reichheld da Earl Sasser suka nuna cewa rage ficewar abokan ciniki da kashi 5 cikin 100 na iya ƙara riba da kashi 25 zuwa 85 cikin 100, gwargwadon irin sana'ar. Wannan lissafi ya ƙara nauyi a Nijeriya, inda cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya tsauwala kuɗin sufuri, sannan a watan Afrilun 2024 aka ninka kuɗin lantarki na 'yan rukunin A fiye da sau uku zuwa Naira 225 kan kowane yunit. Kuɗin haya, wuta, man janareta da albashin masu horarwa ba sa raguwa don zaure ya yi fayau, saboda haka kowane mamba da ya fice giɓi ne kai tsaye a cikin riba.

Game da hanyar da ta fi tasiri kuwa, a 2021 wata tawagar masana a ƙarƙashin Katherine Milkman ta wallafa sakamakon gwajin da ta yi da mambobi 61,293 na kamfanin 24 Hour Fitness na Amurka, inda aka jarraba dabaru sama da 50 na tsawon mako huɗu. Dabarar da ta yi zarra ita ce ba mamba ɗan tukuici, wanda bai kai senti goma ba, idan ya dawo bayan ya tsallake ranar da ya tsara zuwa. Wannan ya ƙara yawan halarta da kashi 27 cikin 100. Darasin shi ne a tari mutum tun a fashin farko, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai binciken ya nuna cewa kashi 8 cikin 100 ne kawai na dabarun tasirinsu ya ɗore bayan an kammala gwajin, wanda ke nufin aikin ba na lokaci guda ba ne.

A aikace, matakin farko shi ne ajiye rajistar shiga da fita, ta yadda za a gane wanda ya yi mako ɗaya ko biyu bai leƙo ba. Na biyu shi ne mai horarwar da ya san shi ya kira shi ya ji dalili, ko tsadar mota ce, ko rashin lafiya, ko sauyin lokacin aiki. Na uku shi ne a ba shi mafita daidai da matsalarsa: dakatar da rajista na ɗan lokaci maimakon sokewa, komawa ga tsarin biya a kowane zuwa, ware sa'o'i na mata zalla, ko buɗewa bayan shan ruwa a watan azumi.

Wajibi ne kuma masu wannan sana'a su kiyaye Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda ta ba mutum 'yancin ƙin amincewa a riƙa aika masa da saƙonnin talla. Gidan da ya cika wa mamba waya da saƙonni na iya tunatar da shi ne kawai cewa lokaci ya yi da zai soke rajistarsa.