Wa Ke Biyan Kuɗin Shirin da Kike Saurare?

 Yau za mu taɓo wani ƙorafi da masu sauraro suka daɗe suna yi, wato ana tsakiyar hira mai daɗi sai a katse ta da talla. To 'yar uwa, gyara zama ki ji inda tallar nan ta samo asali, da amfaninta, da kuma inda ya kamata mu yi hattara da ita.

Ke dai abin da kika kashe shi ne kuɗin batir ko na cajin waya. Amma kafin murya ta iso ɗakinki, an zuba man dizal a janareta, an biya ma'aikata albashi, an biya kuɗin lasisi, an gyara na'urori, an kuma ba wakiliya kuɗin mota ta je ƙauye ta ɗauko hira. Duk wannan dole wani ya biya.

A da, gidajen rediyon Nijeriya duk na gwamnati ne. A shekarar 1992 aka kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio kuma ta buɗe a Kano a 2003. A Ingila, gidaje ne ke biyan kuɗin lasisin talabijin duk shekara, da shi BBC ke gudanar da tashoshinta na cikin gida, shi ya sa ba ta sa tallar 'yan kasuwa a cikinsu. Tasha mai zaman kanta a nan ba ta da wannan gata. Abin da take da shi na sayarwa shi ne lokaci.

Hanyoyin sayar da lokacin nan uku ne. Ta farko talla, inda mai haja zai sayi daƙiƙa 30 ko 60, a riƙa sa saƙonsa sau kaza a rana. Ta biyu sanarwa, irin ta ɗaurin aure, ko rasuwa, ko cigiya. Ta uku ɗaukar nauyi, inda kamfani ko ƙungiya ko wani mai hali zai biya kuɗin shiri sukutum, galibi na wata uku, a riƙa ambaton sunansa a farko da ƙarshe. Kin san yadda attajirai ke ɗaukar nauyin tafsiri da azumi? To haka ne. Farashi kuma ba ɗaya ba ne. Minti guda kusa da labarai ya fi na tsakar dare tsada, domin a lokacin ne kunnuwa suka fi yawa.

Kin ga ke nan ainihin abin da mai talla ke saya shi ne kunnenki. Ya san ko maigida ne ya ba da kuɗin cefane, uwargida ce ke faɗin irin sabulu da ɗanɗanon miyar da za a sayo. Wannan dabara tsohuwa ce. A Amurka, cikin shekarun 1930, kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble suka riƙa ɗaukar nauyin wasannin kwaikwayo na rediyo da rana, lokacin da matan aure ke aikin gida. Har yau Turawa da sunan sabulu suke kiran irin waɗannan wasanni masu dogon zango.

Ba laifi ba ne. Ba don masu ɗaukar nauyi ba, da shirye-shirye da yawa a kan awon ciki da rigakafi da karatun 'ya'ya mata ba su kai labari ba. Sai dai Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ce mai sayar da man shafawa mai sa fari shi ne ke riƙe da shirin mata. Ranar da aka gayyato likitar fata, za a bar ta ta faɗi illar irin wannan mai ga fata da ƙoda? Ko a ce mai maganin da ke iƙirarin warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa a kwalba ɗaya ya sayi rabin awa. Uwa ta ji a rediyo, ta yarda, ta ajiye maganin asibiti. Nan ba kuɗi kaɗai aka yi asara ba, rai ne a tsakani.

Saboda haka ne aka kafa dokoki. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da ta hana tallata wa jama'a madarar gwangwani ta jarirai, don kada a raba jariri da nonon uwa. Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta haramta tallar sigari. Tallar magani sai da amincewar NAFDAC. Akwai kuma ARCON, hukumar da ta maye gurbin APCON a 2022, wadda ke tantance talla kafin a watsa ta.

Amma doka ba ta isa ita kaɗai ba. Shirin da ke son ya tsira da mutuncinsa yana bukatar abubuwa uku. Kada ya rataya a wuyan mutum ɗaya, domin ranar da ya yi fushi, shiri ya mutu. A rubuta yarjejeniya tun farko, cewa mai ɗaukar nauyi yana da lokacin tallarsa, amma ba shi zai zaɓi baƙo ko tambaya ba. Sannan a gaya wa mai sauraro ƙarara cewa wannan saƙo biya aka yi.

Mu ma mata muna da rawar takawa. Mai ɗinki da mai turaren wuta da mai ƙuli-ƙuli, kowacce ita kaɗai ba za ta iya sayen shiri ba. Amma in mata 10 na ƙungiya ɗaya suka haɗa kuɗi kamar yadda ake adashi, za su iya ɗaukar nauyin minti 15, kowacce a ambaci sana'arta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ke kuma da ke saurare, in kin ji ana yabon wani kaya, tambayi kanki: shawara ce ko talla? In magani ne, duba lambar NAFDAC, ki kuma tuntuɓi ma'aikaciyar lafiya kafin ki sha ko ki ba yaro. In kin ji abin da bai kwanta miki ba, aiko da saƙo. Tasha na jin maganar masu sauraro, domin in kun juya mata baya, mai talla ma ba zai tsaya ba.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara, a huta lafiya.