A Yanke Tsohuwar Boswaja, Ko A Bar Ta Yadda Take?

Wasiƙar da muka amsa a shirinmu na wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwa, mazaunin Kakau a ƙaramar hukumar Chikun, kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Ya ce mahaifinsu ya rasu ya bar musu wata tsohuwar Boswaja, irin mai ƙusumbin nan, wadda ya saya sabuwa fil zamanin kuɗin Udoji. Ta daɗe a ajiye cikin rumfa, amma jikinta bai ruɓe ba, takardunta kuma suna nan. Ƙanensa yana so a kai ta gareji a yanke bayanta a yi mata bodi, a jefa mata injin Jafan, ta riƙa kai musu masara da doya kasuwa. Shi kuwa ya ji an ce a ƙasashen Turai irin wannan mota kuɗi ce idan ba a taɓa ta ba. Shi ne yake tambaya, wanne ya fi?

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya jiƙan mahaifinku. Wannan gardama da kuke yi da ƙanenka, masu sha'awar tsofaffin motoci sun fi shekara hamsin suna yin ta a duniya, har yau ba su gama ba. Amma kafin mu je can, bari mu fara gaya maka abin da ke cikin rumfar nan taku.

Wani injiniya mai suna Ferdinand Porsche ne ya tsara wannan mota a Jamus, aka fito da ita a 1938. Turawa suna kiranta Beetle, watau buzuzu, Yarbawa kuma suka sa mata Ijapa, watau kunkuru. An yi ta ƙera ta har ranar 30 ga Yuli, 2003, lokacin da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a ƙasar Meziko. Jimillar waɗanda aka ƙera sun haura miliyan 21. A nan gida kuwa, a 1975 ne kamfanin Volkswagen ya soma harhaɗa ta a Legas, a shekarar da Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar Fijo a Kakuri, nan kusa da ku. Shekarar nan ce ma'aikata suka karɓi ariyas na Udoji, malamin makaranta da akawu suka sami halin shiga layin sayen mota. Mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki Boswaja, wanda ya ɗan fi shi ya ɗauki Fijo 404 ko 504. Masana'antar Legas ta daɗe da daina Boswaja. Ita ma 504 an daina harhaɗa ta a Kakuri wajen 2006. Ka ga ke nan wadda aka yanke ta tafi, babu inda za a je a sake yin wata.

Masu cewa a bar mota yadda take, hujjarsu ita ce mota sau ɗaya take zama ta asali. Fentin da aka fesa mata a masana'anta, da kujerun da aka ɗinka mata, da injin da lambarsa ta dace da ta takarda, in aka raba ta da su, ko nawa ka kashe daga baya kwaikwayo ka yi. Akwai wata ƙungiya ta duniya ta masu tsofaffin motoci da ake kira FIVA, an kafa ta a 1966. A wurinta, ba a kiran mota ta tarihi sai ta kai shekara 30, tana cikin kamanninta na asali, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. A Jamus, tun 1997 hukuma take ba irin waɗannan motoci lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, da rangwamen haraji, amma sai masu dubawa sun tabbatar ba a jirkita motar ba. A Ingila ma motar da ta haura shekara 40 ana ɗauke mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, sai fa in an yi mata babban canji, to ta rasa wannan gata. Har ma a 2024, a babbar gasar tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Amurka, wata Bugatti ƙirar 1934 da ba a sabunta ta ba, da kojewarta da komai, ita ta cinye kyautar farko, ta bar masu ƙyalli a baya. Ba a taɓa yin haka a gasar ba sai a wannan shekarar.

Ba sai mun je Turai ba ma. Wanda ya taɓa shiga gidan tarihi na Onikan a Legas ya ga baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Tana nan da ramukan harsashi. Da wani mai gyaran jikin mota ya je ya cike ramukan nan ya fesa fenti, da motar ta fi kyau, amma da babu wanda zai ƙara biyan kuɗin mota ya je kallonta.

Su kuma masu canji suna cewa ai mota ba gunki ba ce, don tafiya aka yi ta. Tun shekarun 1960 samarin Kalifoniya suke yanke Boswaja, su ɗaga ta, su sa mata manyan tayoyi suna tsere da ita cikin rairayi. Yau akwai masu sa mata injin Subaru, akwai masu cire injin ɗungurungum su sa batir ta koma mai lantarki. Shi kansa kamfanin Volkswagen ya nuna irin wannan a 2019, a shekarar nan kuma FIVA ta fito ta ce wadda aka mayar ta lantarki ta fita daga sahun motocin tarihi.

Mu nan ƙasar, gaskiya, ba mu taɓa ɗaukar canji a matsayin wasa ko ado ba. Larura ce. Da ba don kanikawanmu da maƙeran Panteka ba, da akori-kurar 404 ba ta kai yau tana hawa hanyoyin ƙauye ba. An ƙara mata ganyen sifirin, an yi mata bodin ƙarfe, wata ma injin da ke cikinta ko kusa bai san Faransa ba. Saboda haka kada ka ɗauki ƙanenka mai ɓarna. Tunanin da yake yi shi ne ya ciyar da gidaje da yawa. Kuskurensa ɗaya ne, ya ɗauki Boswaja kamar akori-kura, alhali ba ginin su ɗaya ba.

Ga dalili. Injin Boswaja a baya yake, daidai inda yake so ya ɗora buhuna. Kuma ba ta da lagireta, iska ce take sanyaya injin. Akwai fanka a bayan injin wadda fambel ke juyawa, tana hura iska ta cikin wasu faranta na kwano da suka lulluɓe shi, da roba da ta zagaye ɗakin injin don kada zafin da ya fita ta ƙasa ya sake dawowa. In aka yanke bayan motar, duk wannan tsari ya wargaje, injin ya riƙa shaƙar zafinsa da ƙura. In kuma aka ce injin Jafan za a sa, to shi da ruwa yake aiki, dole a nemo inda za a rataya lagireta, ga shi gaban motar tankin mai ne da safaya taya. Sai a ja bututun ruwa tun daga baya har gaba. Injin ya fi na asali nauyi, gindin motar ya ƙara rinjaya, gaba ya yi sakayau, sitiyari ya riƙa yawo a hannu. Birkin kuwa na da ne, an auna shi ne da gudun tsohon inji. Sa'an nan rufin motar da ginshiƙanta suna cikin abin da ke riƙe da ita. Har Boswaja marar rufi da aka yi a Jamus, sai da aka ƙara mata ƙarafa a ƙarƙashin ƙofofi kafin a sake ta. Mai walda a bakin hanya ba zai yi maka wannan lissafi ba.

Bayan duk wannan wahala, me za ta ɗauka? Nauyin da aka ƙayyade mata wajen kilo 400 ne, har da direba. Watau kai da buhu uku na masara, an gama. Akori-kurar Fijo kuwa tana ɗaukar kusan tan guda. Ka ga an yi garin gyaran gira an rasa ido: motar gado ta tafi, motar kaya ba ta samu ba.

To amma kada ka ce mun hana a taɓa ta sam. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ma'aunin da masana wannan harka suke amfani da shi mai sauƙi ne: duk canjin da za a iya kwance shi da sifana a mayar da motar yadda take, da sauƙi, wanda sai an sa wuta ko zarto, a yi tunani sau biyu. Alal misali, in injin ya gaji, ƙusoshi huɗu ne kacal suka haɗa shi da giya. Ana iya sauke shi a ɗora wani injin Boswaja, ko da mai ɗan girma ne kamar 1600, a shafe na asalin da baƙin mai a rufe a ajiye a ɗaki. Ranar da aka so, a mayar. Haka nan duk abin da aka cire, ko madubi ne, ko sitiyari, ko kafireta, kada a bar wa yaran gareji, kada kuma 'yan gwangwan su gan shi.

Akwai ma abubuwan da tilas ne a canja, kowa ya ce maka asali ne a bar su, kada ka saurare shi. Na farko tiyon mai. Boswaja da yawa wuta ce ta cinye su saboda tsohon tiyo ya tsage, fetur ya zuba a kan inji mai zafi. Sai tiyon birki da man birki, da tayoyi, ko da kuwa zanensu bai goge ba, domin roba tana mutuwa a zaune. Batir ɗinta yana ƙarƙashin kujerar baya, a tabbata an rufe kansa, don in mai nauyi ya zauna wayoyin kujerar suka taɓa shi, gobara ce. A sa bel na ɗaurawa in babu. Kuma kada a yi gaggawar tayar da ita: a zubar da tsohon fetur, a wanke tanki, a juye baƙin mai. Lita biyu da rabi take sha, ba ta da filtar mai irin ta motocin yanzu, 'yar raga ce kawai a ƙasan injin, shi ya sa ake canja mata mai akai-akai. Ka nemi tsohon makanikin da ya yi zamani da ita. Sun yi ƙaranci, amma ba su ƙare ba a Kaduna, kayan gyara kuma akan dace da su a Kaduna ko a Ƙofar Ruwa ta Kano.

Maganar fenti, in na asali ne kuma tsatsa ba ta ci ba, a wanke a goge a bar shi, ko ya dushe. Mu dai a ganinmu dusasshen fentin masana'anta ya fi sabon da aka fesa a gindin mangwaro, wanda ake bi har kan roba da fitila. Inda tsatsa ta huda, musamman daɓen ƙasa da gindin ƙofofi, nan kam a yanke wurin kaɗai a yi faci da ƙarfe.

Yanzu sai batun kuɗi, wanda muka san shi ne gishirin wasiƙar. Malam, kada farashin da yara suke nuna maka a waya ya ruɗe ka. Motar da aka yi miliyan 21 ba abu ne mai wuyar samu ba a duniya. Masu tsadar gaske su ne na farko-farko, irin masu tagar baya rabe biyu na kafin 1953, da marasa rufi. Taku ba ta cikinsu. Masu sayen tsohuwar mota don sha'awa a Nijeriya kuma ba su da yawa, galibinsu suna Legas da Abuja, sai an yi haƙuri kafin a gamu da su. Abin da taku take da shi shi ne mai ita ɗaya tun tana sabuwa, ga takardu, in kuma harhaɗar Legas ce, to ga tarihin ƙasa a jikinta. Mai sha'awa zai biya wannan. Wadda aka yanke kuwa, mai sha'awa ba ya ko tsayawa, sai mai awon ƙarfe.

Saboda haka shawararmu, tunda motar ta magada ce, ku zauna gaba ɗaya, har da mata, kada wani ya kai ta gareji da ra'ayinsa shi kaɗai. In kuna da halin riƙe ta, ku tashe ta a kan gininta, ta kai ku sallar Idi da ɗaurin aure, ta yi muku 'yan aike-aike cikin gari. In kuwa buƙatar motar kaya ta matsa, gara ku sayar da ita cikakkiya ga wanda ya san darajarta, ku cika kuɗin ku sayi akori-kura ko babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, wanda dama don buhu aka yi shi.

Kafin ku yi ko wanne, ka ɗaga kujerar baya, za ka ga lambar shasi an buga ta a kan ƙarfen tsakiya. Ta inji kuma tana ƙarƙashin mazaunin dinamo. Ka gwada su da abin da ke rubuce a takardun mahaifinku. In sun dace, ka sa takardun a leda ka adana su nesa da gara da ɗigar ruwa, har da rasidin saye in yana nan. In kuma wata rana kuka sauya inji ko launi, ku riƙe rasidin sabon injin, ku je ofishin lasin a gyara takarda, don kada a tsayar da ku a shingen hanya lamba ta saɓa, magana ta zama ta motar sata.