Mai Ɗaukar Hoton Ƙeya

'Yan uwana 'yan mata, ran nan ƙanwata ta tambaye ni wai wane irin kitso ne doka. Na buɗe baki zan kwatanta mata, na kasa. Kakarmu Hajiya ta sha doka har ta gaji, amma duk hotunanta da ɗankwali take.

Sai na tuno da J.D. Okhai Ojeikere, wani mai ɗaukar hoto ɗan Edo da ya zauna a Legas. Tun 1968 ya shiga bin mata a titi da gidan biki yana ɗaukar kitsonsu, har kusan hoto 1000. Fuska ba ta dame shi ba, yawanci ƙeya yake ɗauka. Wani kitson zare ya miƙe kamar gidan sama, wallahi sai ki rantse magini ne ya ɗora shi! An baje hotunan a Benis ta Italiya a 2013, shi kuma ya rasu a 2014.

Jiya makitsiya na gama mini shuku na miƙa wa ƙanwata waya, na juya mata baya. Na ajiya ne fa, ba na yaɗawa ba. Ranar Asabar kuma sai gidan Hajiya, Allah ya sa hannunta bai manta doka ba.