Ramin Fon Karman na Bayan Wata da Yadda Aka Ɗauki Hotonsa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba duban wata ya san cewa fuska ɗaya yake nuna mana. Dabbare-dabbaren da ake gani a jikinsa daren goma sha huɗu su ne dai kakanninmu suka gani. Dalili kuwa shi ne, lokacin da wata yake ɗauka ya juya sau ɗaya a kan kansa daidai yake da lokacin da yake ɗauka ya kewaye duniya, wato kwana 27 da 'yan awoyi. Saboda ɗan rangajin da yake yi a tafiyarsa, mutanen duniya kan iya leƙen kashi 59 cikin ɗari na jikinsa a tsawon lokaci. Sauran kashi 41 ba a taɓa ganinsa daga doron ƙasa. Wannan babi zai yi bayani a kan wani tsohon rami da ke can, da yadda hotunan kumbo suka ba masana damar karanta tarihinsa.

Akwai batun kalmomi da ya kamata malami ya fara warwarewa. Wasu masu fassara kan ce "ɓangaren duhu na wata". Wannan kuskure ne, domin rana tana haska can kamar yadda take haska nan, kimanin mako biyu haske, mako biyu dare. A kwanakin da wata ya ɓuya gab da tsayuwar sabo, wancan ɓangaren ne yake cikin tsakar rana. Don haka "bayan wata" ya fi dacewa. Dangane da gurbin da dutse yake bari idan ya faɗo daga sama kuwa, kalmar "kwarmi" ta fi kusa da siffarsa, amma an zaɓi "rami" a nan saboda ita ɗalibi ya fi sani. Tudun da ya zagaye bakin ramin shi za a kira "ganuwa".

1.1 Ramin da Maƙwabtansa

Ramin Fon Karman, wanda ake rubutawa Von Kármán a taswira, yana kudancin bayan wata. Faɗinsa ya kai kilomita 180, wato ya ɗan zarce tazarar da ke tsakanin Kano da Katsina. Shi kansa yana cikin wani makeken kwari ne da ake kira kwarin Aitken, mai faɗin kusan kilomita 2,500, wanda shi ne gurbin faɗuwar dutse mafi girma kuma mafi tsufa da aka tabbatar a wata. Ƙungiyar masana taurari ta duniya ce ta raɗa wa ramin suna a 1970, tare da wasu wurare sama da 500 na bayan wata. Mai sunan, Theodore von Kármán, masanin kimiyyar tashin jirage ne haifaffen Hangari da ya yi aiki a Amurka, ya rasu a 1963.

Masana sun ƙiyasta cewa ramin ya kusa shekara biliyan 4 da samuwa, kuma tsufan ya bayyana a jikinsa. Wani rami da ya fi shi girma, mai suna Leibnitz, ya danne ganuwarsa ta arewa, ya zubo masa tarkace. Narkakken dutse ya ɓullo daga ƙarƙashi ya malale cikinsa, ya daskare ya zama fili baƙi mai laushin gani. Daga baya wani ramin, Finsen, ya watso nasa ɓaraguzan a kan filin. Abin da ya rage na ganuwar duk ya dakushe, ƙananan ramuka sun huda shi ta ko'ina. Shi ma Fon Karman ɗin a kan wani rami da ya girme shi ya zauna. Ƙa'idar da ake bi wajen jera su mai sauƙi ce: wanda ya hau kan wani, shi ne ƙarami a shekaru.

1.2 Zaizaya ba Ruwa ba Iska

A nan ne ɗalibi mai lura zai yi tambaya. Mun san ruwan sama da iska da ƙafar mutane su suka cinye ganuwar Kano. A wata babu ruwan sama, babu iska. To, me ya zaizaye ramin?

Amsar tana cikin rashin iskar kanta. Iskar da ta lulluɓe duniyarmu tana ƙone mafi yawan duwatsun da ke faɗowa, sai ƙalilan suke isowa ƙasa, kamar wanda ya faɗi a Zagami ta ƙasar Katsina a 1962. Wata ba shi da wannan garkuwa. Komai ƙanƙantar tsakuwa, ko da ba ta kai ƙwayar gero ba, tana dukansa da gudun da kan kai kilomita 20 a daƙiƙa ɗaya. Kowane duka yana farfasa dutse, yana watsa ƙura. Idan a gangare ne, ƙurar da ta tashi ta fi sauka ta ƙasa, don haka a hankali tudu yana raguwa, kwari yana cikewa. Manyan duwatsu kuma idan sun faɗo sukan girgiza ƙasa, ganuwa ta zabtare. Ga kuma sauyin zafi da sanyi da ke tsattsaga dutse: da rana zafi kan haura digiri 100, da dare kuwa an auna sanyin da ya kai digiri 190 ƙasa da sifili a cikin wannan ramin a 2019.

Sai dai aikin yana da matuƙar jinkiri. An ƙiyasta cewa dutse a wata yana rasa kimanin milimita 1 ne a shekara miliyan 1. Ramin Aorounga da ke arewacin Chadi bai kai ko kashi ɗaya bisa goma na shekarun Fon Karman ba, amma iskar Sahara ta riga ta sassaƙe shi. Ke nan idan aka ga rami a wata ya dakushe haka, shaida ce ta tsufa mai nisan gaske. Wannan ne ya sa masana suka damu da irin waɗannan ramuka. Duniya ta sha irin ruwan duwatsun da wata ya sha a farkon zamani, amma ruwa da iska da motsin ƙasa sun share mata alamun. A jikin wata suka saura.

1.3 Hotunan Kumbo

Kumbon Tarayyar Sobiyet mai suna Luna 3 ne ya fara ɗaukar hoton bayan wata, ranar 7 ga Oktoba, 1959, daga nisan sama da kilomita 60,000. Ya ɗauki hoto 29 da fim, ya wanke su a cikinsa, sannan ya aiko da wasu ta rediyo. Hotunan sun fito dishi-dishi, amma sun nuna cewa bayan wata ba shi da yalwar baƙaƙen filayen da ke fuskarsa, ramuka ne birjik.

Akwai darasi a cikin hotunan nan. Rana tana bayan kumbon lokacin da ya ɗauke su, saboda haka babu inuwa sosai. Masanan Sobiyet suka ga wani dogon farin layi, suka ɗauka jerin tsaunuka ne, har suka sa masa suna. Hotunan da suka biyo baya suka nuna cewa farar ƙura ce kawai da ta fantsamo daga wasu ramuka. Hoton tsakar rana yana nuna launi, amma yana ɓoye tudu da kwari. Shi kuwa tsohon rami, wanda ganuwarsa ta riga ta kwanta, sai da rana ta yi ƙasa yake fitowa. Da inuwar ake auna tsayi: idan rana ta ɗaga digiri 10 kacal, tudu mai tsayin kilomita 1 zai yi inuwar da ta kusa kilomita 6. Malami na iya nuna wannan a aji da tire na gari da tocila, ya haska daga sama, sannan ya haska daga gefe.

Zond 3 ya ƙaro hotuna a 1965. Daga 1966 zuwa 1967 Amurka ta aika da kumbo biyar masu suna Lunar Orbiter, waɗanda suka kewaya watan suka ɗauki kashi 99 cikin ɗari na jikinsa. A Disambar 1968 'yan sama jannatin Apollo 8 suka zama mutanen farko da suka ga bayan wata da idonsu. Kumbon LRO, da aka harba a 2009, ya zo da kyamarar da ɗigo ɗaya na hotonta kan ɗauki rabin mita na ƙasa. Da irin waɗannan hotuna ake ƙirga ƙananan ramukan da ke kan fili. Filin da ya fi yawan huda shi ya fi daɗewa a shimfiɗe.

1.4 Sauka a Cikin Ramin

Filin da narkakken dutse ya shimfiɗa shi ya ja hankalin ƙasar Sin, domin a bayan wata wurin sauka mai santsi ba shi da yawa. Matsalar ita ce saƙon rediyo ba ya ratsa jikin wata. Saboda haka a Mayun 2018 suka fara aika tauraron sadarwa mai suna Queqiao, ya tsaya can gaba da watan inda yake hango duniya da bayan wata a lokaci guda. Ranar 3 ga Janairu, 2019, kumbon Chang'e 4 ya sauka a cikin Fon Karman, karo na farko ke nan da aka yi saukar lafiya a bayan wata. Wani abin sha'awa shi ne, Qian Xuesen, wanda ya kafa harsashin shirin rokokin Sin, ɗalibin mai sunan ramin ne. A ƙarshen watan na Janairu LRO ya hango kumbon daga nesa, ya fito a hoto kamar ɗigo biyu.

'Yar motar da ta sauka tare da shi, Yutu-2, tana ɗauke da na'urar leƙen ƙarƙashin ƙasa. Ta gano cewa ƙura mai laushi ta kai zurfin kimanin mita 12, a ƙarƙashinta kuma akwai hawa-hawa na tsakuwa da manyan duwatsu har zuwa mita 40. Wannan ya gaskata abin da aka karanta daga hoto, cewa maƙwabtan ramin sun yi ta zuba masa tarkace bi da bi. Amma ba kowace tambaya ce ta samu amsa ba. A 2019 wasu masanan Sin sun ce duwatsun da motar ta auna daga can ƙarƙashin ɓawon wata suka fito, wasu masanan kuma suka ce na ɓawon ne.

Ƙirgar ramuka ma tana da rauninta, domin an gwada ta ne da duwatsun da aka kwaso daga fuskar wata kaɗai. Sai a Yunin 2024 kumbon Chang'e 6 ya dawo da giram 1,935 na ƙasa daga ramin Apollo, wanda shi ma yana cikin kwarin Aitken. Da aka auna daskararren dutsen da ke ciki, aka samu shekarunsa sun kai biliyan 2.8, kuma adadin bai yi nisa da abin da masu ƙirga ramuka a hoto suka yi hasashe ba.