Kafin Ka Jona Batir a Janareta

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, ba mai tayar da janareta bai yi lissafi ba. Shi ya sa magidanta da masu shaguna suka koma kunna inji na ɗan lokaci, a cika batir, a kashe, fitila da fanka su kai wayewar gari da abin da aka tara. Dabarar ta yi, sai dai a nan ne batura da yawa ke mutuwa tun kwanansu bai ƙare ba.

Dubi ƙaramin janaretan Tiger ɗin nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Ban da soket mai bolt 220, akwai wata 'yar kafa da aka rubuta wa 12V, mai ba da wajen amfiya 8. Ita ce ke ruɗin mutane. Wannan kafa ba ta san batir ya ƙoshi ba, ɗura kawai take yi. Idan aka manta, ruwan batirin ya yi ta tafasa har ya ƙafe, farantan dalmar da ke ciki su lalace. Batir mai murfi dai a iya ƙara masa tataccen ruwa a lallaɓa. Rufaffe kuwa, irin na babur, kumbura zai yi, shi ke nan an yi asara.

A ganina wannan kafa ta ranar matsuwa ce, kamar mota ta ƙi tashi a ba ta wutar rabin awa. Cajin yau da kullum aikin caja ne mai yanke kanta, wadda ake jonawa a soket ɗin 220. Ita takan tsayar da wuta a wajen bolt 14.4, ta riƙa sassautawa yayin da batir ke cika. Masu sana'ar batir suna auna ƙarfin caja da kashi ɗaya bisa goma na girman batir: mai 100Ah amfiya 10, na inbata mai 200Ah amfiya 20.

Akwai kuma halin batirin dalma da ke cinye mai a banza. Yakan sha wuta da sauri har wajen kashi 80 cikin 100, daga nan sai ya koma kurɓa, inji na ta ruri. Ragowar gara a bar wa sola ko wutar NEPA idan ta samu, amma fa a riƙa cika shi taf, don batirin da ke yawan kwana da yunwa ba ya daɗewa.

Batirin da ke kan caji yana fitar da iskar haidirojin, wadda tartsatsi kaɗan ke tayarwa, don haka a nesanta shi da inji da taba. Shi kuwa janareta wurinsa waje, nesa da taga. Hayaƙinsa ya sha kashe mutanen gida suna barci. A bar inji ya daidaita kafin a jona caja, a kuma zare ta kafin a kashe shi.