Ƙara da shiru: mu kiyaye kunnuwanmu

A ajinmu na yaƙi da jahilci akwai wani magidanci mai injin niƙa. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya fashin zuwa. Amma duk ranar da munka yi shibta sai ya sha kuskure. In na ce "shara", sai ya rubuta "sara". In na ce "tsara", nan ma "sara" zai rubuta. Da farko na ɗauka baƙaƙen ne bai riƙe ba. Wata rana na matso kusa da shi, na faɗi kalmomin yana kallon bakina, sai ga shi ya rubuta su duka daidai. Nan na gane ashe kunnensa ne ya yi rauni. Shekara da shekaru yana tsaye gaban inji tun safe har marece, ƙara tana cin jinsa kaɗan kaɗan, shi kuwa bai sani ba.

Ƴan uwa masu karatu, abin da ya samu wanga bawan Allah yana iya samun kowa. Don haka bari mu duba yadda abin yake.

Mine ne sauti?

Sauti girgiza ce. In anka buga ganga, aza yatsanka bisa fatar, za ka ji tana rawa. Rawar nan tana tura iska, iska kuma ta kawo ta har kunnenka. Cikin iska sauti yana tafiyar mita wajen 340 a daƙiƙa guda. Haske ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Shi ya sa da damina muke ganin walƙiya kafin mu ji tsawa. In ka ƙirga daƙiƙa 3 tsakaninsu, to nisan tsawar ya kai kilomita guda ke nan.

Yadda kunne yake ji

Kunne kashi uku ne. Na farko shi ne wanda muke gani a waje, yana tara sauti kamar mazurari. Na biyu yana farawa daga wata fata siririya da ake kira dodon kunne. Bayanta akwai ƙananan ƙasusuwa guda 3, su ne mafi ƙanƙanta duk cikin jikin mutum. Na uku yana can ciki, a naɗe kamar ƙwanson katantanwa, cike da ruwa. Cikinsa akwai ƴan gasu ƙanana ƙwarai, wajen dubu 15, waɗanda ido ba ya gani. In sauti ya shigo sai su kaɗa, su aika da saƙo ga ƙwaƙwalwa. A nan ne mutum yake ji.

Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da ƴan gasun nan kamar yadda iskar hadari take kwantar da hatsi a gona. In sau ɗaya ne, suna iya tashi bayan hutu. In kullum ne, sai su mutu. Wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa, ba allura, ba kwaya da za ta maido shi. Waɗanda suke fara lalacewa su ne masu kama sauti siriri, irin na "s" da "sh" da "ts". Shi ya sa mai matsalar yakan ce: "Ina jin kana magana, amma ban gane abin da kake faɗi ba."

Awon ƙara

Kamar yadda ake auna hatsi da tiya, ita ma ƙara tana da ma'auni. Sunansa desibel. Raɗa tana wajen desibel 30. Hira tsakanin mutum biyu tana wajen 60. Daga 85 haɗari yake farawa, in mutum yana yin awa 8 cikinta kullum. Duk sadda ta ƙaru da desibel 3, lokacin da kunne yake iya jurewa sai ya ragu da rabi. Wato a 88 awa 4 ne, a 91 awa 2, a 100 kuwa minti 15 kaɗai. Harbin bindiga kusa da kunne yana iya yin ɓarna nan take.

A shekara ta 2021 Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce mutane fiye da miliyan dubu ɗaya da ɗari biyar suna da raunin ji a duniya. Ta kuma yi gargaɗi cewa samari da ƴan mata fiye da miliyan dubu suna cikin haɗari, saboda sauraren kiɗa da ƙarfi. An ware ranar 3 ga watan Maris ta kowace shekara don tunatar da jama'a kan kiyaye ji.

Mu ba mu da na'urar awo, amma akwai dabara mai sauƙi. In mutum yana tsaye kusa da kai, nisan hannu guda, amma sai ka ɗaga murya sosai kafin ya ji ka, to ƙarar wurin ta yi yawa. In kuma ka tashi daga aiki kana jin kunnenka yana kuka "wiii", ko ka ji kamar an toshe shi, wannan kashedi ne.

Ɓarnar ba ta tsaya ga kunne ba

Ido yana da marfi, in haske ya dame ka sai ka rufe shi. Kunne ba shi da marfi, ko kana barci yana aiki. Injin lantarki da ke kwana yana ruri, odar motoci da kabu-kabu, lasifikar biki har tsakar dare, duk suna yanke barci. Wanda bai samu barci ba yakan tashi da gajiya da saurin fushi. In abin ya daɗe yana taimaka ma hawan jini. Yaron da ke lakwal bakin tasha ko bakin kasuwa yana shan wahala kafin ya kama abin da malam yake faɗi. Faɗa nawa anka yi tsakanin maƙwabta a kan rediyo kawai?

Shiru hutun kunne ne. Wanda ya kwana a ƙauye ya san daɗinsa. Da dare kana jin kukan jaki daga wani gari, da asuba kana jin dakan mata tun daga nesa. A birni sai an nemi shiru ake samunsa, amma ana samu.

Mi za mu yi?

1. Masu niƙa, maƙera, masu walda da kafintoci masu aiki da inji su nemi abin toshe kunne na roba ko na soso, ko irin wanda ke rufe kunne baki ɗaya. Auduga ba ta tare ƙara sosai.
2. A riƙa fita ana hutawa nesa da inji. A gyara injin, a sa mishi mai, a ɗaure abin da ya kwance.
3. Kada uwa ta tsaya bakin inji da goyo. A biki kada a bar yara gaban lasifika.
4. Mai sauraren kiɗa a salula da abin sawa a kunne ya rage murya, kada ta wuce rabi da kaɗan.
5. Kada a sa tsinke ko ashana cikin kunne, yana iya huda dodon kunne.
6. Wanda ya ga jinsa yana raguwa ya tafi asibiti da wuri. Wani lokaci dauɗa ce kawai ko ciwo mai magani.
7. In dare ya yi, mu tuna da maƙwabci: akwai tsoho, akwai marar lafiya, akwai jinjiri.

Ɗalibin nan nawa yanzu a layin gaba yake zama. Ya sayi abin toshe kunne, ya saya ma yaron da ke taya shi aiki. Abin da ya rasa ba zai dawo ba, amma sauran da ya rage yana tsaronsa, yaron kuma bai kai ga irin tasa ba. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To mu tsare kunnen tun yana ji.

Tambayoyi

1. Don mi muke ganin walƙiya kafin mu ji tsawa?
2. Ƙaƙa mutum zai gane ƙarar wuri ta yi yawa?
3. Wace ƙara ce ta fi damun unguwarku, kuma mi za ku iya yi a kanta?